Mai Zanen Hula na Kasuwar Guci

Ranar kasuwar Guci Hamida ta fara ganinsa, zaune a rumfar masu hula yana zana fure a kan farin ƙyalle. Ita 'yar Dungas ce, ɗalibar iniversite a Damagaram. Bincikenta a kan wata manhaja ce da ta haɗa a tablet, mai ba masu zane shawarar yadda za su ƙarasa zanensu.

"Sannu da aiki, Malam. Za ka gwada mini wannan?"

Mai zanen, Kyari, ya goge hannu ya karɓa. Ya ja layi da yatsa, sai manhajar ta ƙarasa masa ganye. Ya fashe da dariya.

"Abin nan naki akwai gaggawa, Malama. Amma fa ya iya."

Duk ranar kasuwa sai ta hau kabu-kabu ta zo. Tana kallon yatsunsa, tana tambayarsa me ya sa ya tsaya, me ya sa ya goge. Ita kanta ba ta san ranar da ta bar kallon yatsun ta koma kallon fuskar ba.

Wata rana ya iske ta a kasuwar Sassumbrum gaban wani mai zane, Hanif, tana yi masa irin tambayoyin nan har da murmushi. Ya juya ko sallama bai yi ba. Da la'asar saƙonsa ya shigo:

"Ashe ni ma lamba ce a bincikenki. Allah ya ba da sa'a, Malama."

Hamida ta sha kuka har gida. Washegari ta kira malaminta ta gaya masa gaskiya, cewa zuciyarta ta shiga, ba za ta iya auna aikin Kyari da adalci ba. Malamin ya ce to sai an cire duk abin da ta tara a kansa, alhali nan ne aikin ya fi kyau. Ta cire, sannan ta rubuta masa:

"Na fitar da kai daga bincikena, Kyarina. Daga can kaɗai zan iya fitar da kai."

Amsar ba ta jima ba:

"Ki yafe mini, hasken idona. Ina hanyar Dungas."

Da ya je da maganar aurenta, mahaifinta, Malam Labbo, bai sakar masa fuska ba.

"Ita ce ta farko a gidan nan da ta kai iniversite. Ba zan bari aure ya tsinke mata karatu ba."

Kyari ya durƙusa. "Baba, zan jira har ta gama."

Bai kuwa jira da hannu sake ba. Ya bi ƙauyukan Yekuwa a amalanke yana lallashin masu zane su gwada manhajar, har suka cike gurbin da ya bari. Da labarin ya kai kunnen Malam Labbo, shi da kansa ya aika a kira magabatan yaron.

Hamida ta kare bincikenta da yabo, aka ɗaura aure bayan girbi. Tun dare bai yi ba aka kawo ango gaida surukai, ita tana bayan labule tana saurare.

"Allah ya yi muku albarka," in ji Malam Labbo. "Amma ta ce saura digirin dokta. Ka shirya wani jiran."

"Wannan a gida ɗaya za mu yi shi, Baba."

Tsohon ya yi dariya har da hawaye, mata suka saki guɗa.