Ƙugiya a Kan Allon Kimiyyar Ƙasa

Wata ɗalibar sashen harsuna ta taka kujera da rana tsaka, ta ɗiga baƙin fenti a sabon allon jami'a. Wani ɗalibin kimiyya ya kama ƙafar kujerar.

"Sauko, malama. Ɓarna kike yi."

"Karanta min abin da ke nan."

"Sashen Kimiyyar Ƙasa."

"Yanzu da na sa wa harafin ƙugiya ke nan. A da Kimiyyar Kasa aka rubuta. Shekara huɗu kuna koyon kasawa, ba mai gaya muku."

Ɗakin da allon yake kai ajin 'yan harsuna ne a da. An kwashe bencinansu an jera kwalabe, su kuma aka tura su baranda, malaminsu na jingina allo da bango. Ta faɗa masa wannan duka, ba ta sassauta murya ba. Bai saki kujerar ba har ta sauko.

Da yamma saƙonsa ya shigo wayarta: "Na duba ƙamus. Kin yi gaskiya. Ina wuni, Ƙugiya?"

Ta amsa: "Lafiya, ɗan kasa. Da gangan na bar taka ba ƙugiya."

Haka suka fara.

Bayan wata biyu kwamitin ladabtarwa ya kira ta, laifin lalata kayan jami'a, hukuncinsa kora. Shaida ɗaya gare su, shi ne. Ta ga sunansa a takarda ta rubuta masa: "Ashe riƙe kujera riƙe hujja ne. Kada ka sake kira na."

Ran zama ya miƙe gaban kwamitin da shugaban sashensu na kimiyya ya ce, "Na ga ta yi, ranka ya daɗe. Gyara ta yi. Wanda ya ƙwace ajin masu harshe ya rataya kuskure a ƙofa, shi za a tuhuma."

Aka sallame ta da gargaɗi. Shi kuma shugaban ya daina amsa gaisuwarsa.

A waje ta ce, "Ka yafe min."

"Sai kin aure ni, Ƙugiyata."

Mahaifinsa likita ne, ya ƙi. "Duk 'yan matan da ke karatun magani ba su ishe ka ba, sai mai karanta Hausa? Wa bai iya Hausa ba? A nono muka sha."

Yaron bai janye ba. Sai da kawunsa ya yi sawu uku kafin likita ya ce a yi, fuska a murtuke.

Saura kwana biyar ɗaurin aure mai buga kati ya kawo katunan gayyata. Likita da kansa ya rubuta kalmomin, bai nuna wa kowa ba. Amarya ta zo gaisuwa, ta durƙusa, idonta ya faɗa kan ɗaya.

"Baba, a gafarce ni. Layin ƙarshe."

Ya sa tabarau. Ƙarƙashin sunayen abokansa likitoci an rubuta: Manyan Baki.

"Baƙi nake nufi," in ji shi a hankali. Ya daɗe yana kallon katin, sannan ya dube ta. "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Allah ya zaunar da ku lafiya."

Mai buga kati ya sosa ƙeya. "Alhaji, ɗan ƙaramin abu ne. Kowa zai gane. A raba haka nan."

Likita ya tura masa kwalin.

"Ba zan raba ba."