Orbanar Baba Ezekiya

Ranar Talata da hantsi Baba Ezekiya ya shigo caji ofis yana dogara sanda, matarsa Mama Lidiya na biye da shi. Tsohon hedimasta ne, don haka ko gaisuwa bai gama ba ya fara jawabi.

"An sace mini talabijin, kuma an bar mini talabijin!"

Sufeto Hamsatu ta ajiye biro. Shekararta goma sha ɗaya tana wannan aiki, ba ta taɓa jin ɓarawo mai barin madadi ba.

"Baba, zauna ka yi mini dalla-dalla."

Ashe da kuɗin sallamarsa ya sayi talabijin ƙirar Orbana mai inci hamsin da biyar, naira miliyan biyu da rabi. Sun je Yola kwana uku a duba masa yanar ido, suka dawo suka tarar da talabijin a bango. Shi bai ga wani bambanci ba, Mama Lidiya ce ta gani.

"Ɗiyata, ni a gefe nake zama, kusa da ƙofar kicin," in ji ta. "Da, ko daga can fuskar mai labarai ras take. Yanzu sai na ga mutum ya koɗe kamar tsohon zani. Da na ɓare sitika, sai ga wani suna, wai Kesto."

Kafin azahar Kofur Joel ya kamo Friday, mai gyaran dish, domin shi ne baƙon ƙarshe da ya shiga falon kafin tafiyar.

Da la'asar Sufeto ta isa gidan Baba Ezekiya a Nassarawo. Babu ƙofar da aka ɓalle, babu tagar da aka taɓa. Talabijin na sanye da ledar kamfani da sitikoki reras, yadda mutanenmu ke barinsu har shekara biyar don baƙo ya san sabuwa ce. Wanda ya yi aikin ya cire ledar Orbana ne ya lulluɓa wa Kesto, sitika ta rufe sunan.

"Wa kuka bar wa makulli?"

"Maƙwabcina Zacharia," in ji Baba Ezekiya. "Shekara talatin muna tare, kar ma ki ɓata lokacinki."

Ta ɓata. Malam Zacharia, tsohon ma'aikacin gidan gona da matarsa ta rasu bara, ya tare ta a bakin ƙofa bai ce ta shigo ba.

"Na ba kajinsu ruwa kawai. Amma ranar Asabar na hango yaron nan Friday ya fito da babban kwali."

"Kai kana da talabijin, Baba?"

"Wata 'yar tsohuwa ce, ta ma lalace."

Ya sa hannu a takardar shaida.

Washegari ta sa aka fito da Friday daga bayan kanta. Idanunsa sun kumbura. Ranar Juma'a zai fara haɗa talabijin ashirin a wani sabon otal, kuma manajan ya aiko cewa in bai wanke kansa ba, shi ke nan.

"Madam, a garin nan in aka ce mai gyara ɓarawo ne, wa zai sake buɗe masa falo? Matata tana da ciki wata takwas."

Ta nuna masa hoton bayan talabijin ɗin a wayarta. Ya ƙura ido, sai ga shi ya fusata.

"Haba, Madam! Noti biyu? Kuma a karkace? Ni huɗu nake ɗaurawa, in sa ma'auni. Ko sata zan yi, ba zan yi wannan ƙazamin aiki ba."

Dariya ta kusa ƙwace mata. Tausayinsa kuma ya kama ta sosai, domin jikinta ya ba ta cewa yaron nan kwanan banza yake yi a wurinsu.

Daga nan ta nufi shagon Mark a babbar kasuwa, inda aka sayi Orbanar. Mark mutum ne da in ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya ba ka tarihin agogo. Ya kunna mata talabijin biyu a jere, hoto iri ɗaya.

"Madam, dubi baƙin Orbana, baƙi ne ƙirin, amma duk abin da ke cikin inuwa kina ganinsa. Dubi na Kesto, toka-toka, fuska ta nutse. Matsa gefe. Kin gani? Kesto ta koɗe. Amma dubu ɗari shida ce fa. In labarai da wa'azi za ki kalla kina zaune a tsakiya, wallahi Kesto ta ishe ki, kar ki ƙona kuɗinki."

"Kesto nawa ka sayar mai wannan girman?"

"Bana? Biyu. Ɗaya tana gidan kallon ƙwallo a Gude. Ɗaya kuwa Malam Zacharia." Ya kwashe da dariya. "Shi da hedimasta ai sun ishe ni. Wata shida suna musu a shagon nan. Wannan ya ce mai tsada ta fi, wancan ya ce asarar kuɗi ce, ko an musanya masa ba zai gane ba."

Sufeto Hamsatu ta daina rubutu.

"Maimaita na ƙarshen."

Ƙarfe biyu na rana ita da Kofur Joel suka tsaya a ƙofar Malam Zacharia. Ana jin ƙarar ƙaramin janareta, da waƙar zumuntar mata tana tashi daga falo. Ta yi sallama sau biyu, ba a amsa ba, ta ɗaga labule.

Orbana ce a kan tebur, tsirara ba leda. Tsohon na zaune dab da ita. Bidiyon wani biki ne a coci, ya tsayar da hoton a kan wata mata mai ɗankwali shuɗi a layin baya, tana dariya.

Bai tashi ba, bai kuma yi gardama ba.

"Ni na ɗauko ta, ɗiyata. A baro, ta ƙofar baya. Na ce kwana uku kawai, in ya dawo ya yi ta yabon Kesto yana cewa Orbana, sai in kira shi in yi masa dariya."

"To me ya hana ka mayarwa?"

Ya nuna hoton da haɓa.

"Dibora ce, matata. Bikin 'yarmu Precious. Shi kaɗai ne bidiyonta da nake da shi. A tawa talabijin wurin nan duhu ne, inuwa kawai nake gani, na ɗauka mai kyamara ne bai iya ba. Da na sa a wannan, sai ga ta. Ga wushiryarta, ga 'yan kunnen da na saya mata. Ashe dariya take yi." Ya juyo ya dubi Sufeto. "Kullum sai in ce gobe zan mayar."

Sufeto ta ji abin har ƙirjinta, amma ta ciro takardar shaidar ta ajiye a gabansa.

"Wannan na fahimta, Baba. Kwalin da ka ce ka ga Friday ya fito da shi fa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Babu kwali. Kunya ce ta sa ni, Allah ya yafe mini."

Hayaniya ta jawo Baba Ezekiya da Mama Lidiya. Hedimasta ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya daɗe yana duban matar.

"Zacharia, kai wawa ne," ya faɗa a hankali. "Da ka faɗa mini, ai da kullum a falona za ka kalle ta. Mu ma muna kewarta." Ya juyo. "Sufeto, na janye ƙarata."

"Taka ka janye, Baba, kuma zan gaya wa shugabanmu Difi'o. Amma shaidar ƙarya ba a kanka aka yi ta ba."

Malam Zacharia ya kashe talabijin da kansa, ya sa takalmansa. Kofur Joel ya ciro ankwa, Sufeto ta girgiza masa kai. A bakin mota tsohon ya tsaya.

"Ɗiyata, zan samu in ga yaron nan? Ina so in roƙe shi."

"Za ka gan shi, Baba," in ji ta, tana buɗe masa ƙofa. "Ta ƙofar da za ka shiga zai fito."