Jan Tabo a Wuyan Riga

"Jini ne wannan, Auta! Ni za a gaya wa jinin zakara?"

Iya ta ɗaga farar rigar sama, tana nuna jan tabon da ke wuyanta. Khaulah tana zaune a bakin gado, jaririnta Umair a cinya. Ita da jinin zakaran ne ma da ta gode Allah. Abin da idonta yake gani jan baki ne, irin na mata.

Rigar mijinta ce, Tajuddeen, wanda yake digiri na uku a fannin tarihi. Duk ƙarshen wata sai ya ɗauki jaka ya ɓace kwana biyar, wai aikin bincike. Wayarsa ba ta shiga, saƙo ba ya isa. Ya dawo ya yi baƙi ƙirin, in ta tambaye shi sai ya ce, "Fieldwork ne kawai, rabin raina," ya sauya zance.

Iya kuwa daga Kano ta zo wankan jego, nan bene hawa na sha tara a unguwar Danau Kota, a ƙasar wajen da Tajuddeen yake karatu. Yau da safe ta buɗe jakar surukin nata, wai za ta taimaka da wanki. Wanki dai! Wanda ya san Iya ya san bincike ne.

"Dubi nan," in ji Iya, tana baje kayan a kan gado. Ƙunshin wani ganye, wasu 'yan ƙwallaye, farin gari a ƙulle, sai wani zane baƙi da ja mai hoton dawakai da zakaru. Na ƙarshe hoto ne: Tajuddeen a tsaye tsakiyar wasu dogayen duwatsu da suka yi da'ira, hannunsa a sama, mutane sun kewaye shi.

"Kin gani ko? Har mabiya gare shi! Wurin tsafi ne wannan, ko makaho ya shafa ya sani. Shi ya sa ba kya iya yi masa musu, an ɗaure ki!"

"Iya, don Allah... Abban Umair ba ya wasa da salla."

"Mugu shi ya san makwantar mugu, ke me kika sani? Na riga na kira yayanki Mika'ilu, ya kama miki kujera. Jumma'a ƙafata ƙafarki, ke da jikana."

Khaulah ta ƙirga kwanakin. Jumma'a jibi ke nan! Tana son Tajuddeen, so irin wanda take jin kunyar a gane yawansa. Amma shekaranjiya da yana wanka ta ji wata murya da aka naɗa a wayarsa, mace tana dariya tana kiran "Taju, Taju," da wani yare da ba ta sani ba. Ba ta gaya wa kowa ba, ta haɗiye, abin yana ta cin ta a ciki.

Bayan la'asar sai ga shi da sallama, da leda a hannu.

"Iya, barka da gida. Na ƙunso mana abinci daga shagon mamak, roti, gurasar nan da kike so..."

Maganar ta maƙale masa da ya hango kayansa baje a kan gado. Ya ajiye ledar a hankali, ya durƙusa.

"Malam Tajuddeen," in ji Iya, fuska ba annuri, "amana muka ba ka. Wane dutse kake kai sunan 'yata?"

"Subhanallahi! Iya, wallahi..."

"Bar rantsuwa tukuna!" Khaulah ce ta katse shi. Ta cilla masa rigar. "Wace ce? Wace ce mai ce maka Taju? Jan bakin wa ka kwaso mini har cikin ɗakina?"

Iya ta juyo da sauri. "Au, har da mace?"

Tajuddeen ya dubi uwa, ya dubi 'ya. Ɗaya ta mai da shi matsafi, ɗaya ta mai da shi manemin mata, duk a kan tabo guda. Ya sauke numfashi.

"Na yi laifi, amma ba wannan ba. Akwai wani tsibiri a Indonesiya, sai an hau jirgi biyu sannan mota. Can akwai tsohon ƙauye da duwatsun da mutanen da can suka kakkafa, a kansu nake rubutun digirina. Baƙi suna zuwa gani, ni nake yi musu jagora ina ba su tarihin wurin. Hoton nan bayani nake yi, Iya. Can ɗin babu network ko kaɗan."

"To jinin fa?"

"Goronsu ne."

"Goro?" Iya ta taɓe baki. "Shekara arba'in ina cin goro, yaro."

"Ba a shiga ƙauyen sai an zauna gaban dattawa sun miƙo wannan. Baƙi suna iya taɓawa su ajiye, amma jagora sai ya tauna. In ya ƙi, ya raina su ke nan, kamar a kawo miki goron ɗaurin aure ki ture."

Ya jawo ganyen, ya sa ƙwallo da ɗan farin garin, ya yi bismilla ya jefa a baki. Suka zuba masa ido. Kafin minti biyu leɓɓansa sun yi jawur kamar an shafa.

Iya ta matso tana kallo. Sati biyar ke nan rabonta da goro, wanda ta zo da shi ya ƙare tun kafin suna. Ta miƙa hannu tana harararsa.

"Miƙo nan. In ƙarya ce bakina zai gaya mini."

Ta karanta abin da za ta karanta, ta tofa, ta tauna. Nan take ta yamutse fuska, hawaye ya cika mata ido.

"Kai! Wannan goron marasa tausayi ne!"

Garin magana ɗigo ɗaya ya faɗo a kan farin mayafinta. Khaulah ta ɗauki rigar ta kara kusa da mayafin. Ja iri ɗaya, babu bambanci ko na ƙwayar zarra.

Tajuddeen ya buɗe wayarsa ya miƙa wa Khaulah bidiyo. Wata tsohuwa ce tukuf, haƙora ba su fi uku ba, baki jawur, tana zaune gaban masaƙa tana dariya: "Taju, Taju!"

"Matar mai garin ce. Tun da na ce mata kina da ciki ta fara saƙa zanen nan, wata huɗu tana yi. Na goyon Umair ne. Na kawo shi na rasa yadda zan ba ki."

Da ya ɗauka dariya za ta yi, sai ya ga ta fashe da kuka.

"Khaulah... ai kin gani yanzu..."

"Na gani! Shekara biyu ina zarginka ina istigfari, ina zarginka ina istigfari! Da cikin Umair har hawan jini na yi, kana kallo! Me ya hana ka gaya mini?"

Ya sunkuyar da kai. "Kin tuna satin farko da kika zo? Kin ga hoton duwatsun a kwamfutata, kika yi a'uziyya, kika ce duk mai zuwa irin wurin nan ba za ki ci abinci kwano ɗaya da shi ba. Tsoro na ji, Khaulah. Tsoron kada in rasa ki."

"Sai ga shi saura kwana biyu ka rasa ni ɗin."

Ya kasa ɗago kai. Hawaye ya sauko masa, ga baki ja kamar na amarya, abin tausayi abin dariya.

"Ki yafe mini, hasken idona. Ba zan ƙara ɓoye miki ko tsinke ba."

Ta dube shi, ta share fuska da gefen zane.

"Da sharaɗi. Umair yana yin ƙwari, tafiyar da za ka yi da ni za a yi. Duk dutsen da ka sani sai na san shi."

"Boleh," ya ce da sauri da yaren ƙasar, "na yarda, wallahi boleh!"

Iya ta miƙe tana gyaran murya, ta ɗauki zanen da yatsa biyu. "Ni dai ban gama yarda da zakarun nan ba. Sai na wanke shi sau bakwai." A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba. "Auta, kira Mika'ilu ki ce ya saki kujerar."

Ranar Jumma'a da suka raka Iya filin jirgi, Umair ya fara rigima ana shirin sallama. Iya ta zuge jakar hannunta ta ciro zanen, yana ƙamshin turaren wuta. Ta ɗora wa Khaulah yaron a baya, ta ɗaure da hannunta, ta ja ƙullin tamau.

"Saƙar tana da kyau," ta ce. Ta dubi surukinta. "In kun je, ka ce wa tsohuwar nan kakar yaro ta gode."