Boris Ɗin da Ya Ƙi Fita

Ranar kasuwar Tanout aka janyo wata tsohuwar akori-kura har bakin garajin Mailafiya, ƙafarta ta baya tana kuka kamar akuya a hannun mahauci. Motar ta girmi Mailafiya, ta kusa girmar babansa ma. Mai ita Alhaji Aghali ne, makiyayi daga arewacin Belbeji, ya ciko ta da dusar dabbobi. A saman buhunan kuwa ga 'yarsa Raishatu, ta ja mayafi, ido kaɗai ta bari.

To, idon nan shi ya gama da yaron mutane. Guduma ta faɗo masa a ƙafa, wallahi bai ji ba.

"Boris ne ya cije, Baba," in ji shi. "Zoben nan da taya ke juyawa a kansa. Tsatsa ta haɗa shi da gidansa. A ba ni lamba, in na gama in kira."

Alhaji ba ya karatun salula, a hannun 'yar take. Kun ga inda Allah ya ɓullo wa maraya!

Suka sauka gidan dangi. Ba a jima ba saƙo ya fara tafiya.

"'Yar arewa, motarku tana gaishe ki."

"Baƙin hannu, ka ce da ita ta tashi. Ko kai ka hana ta?"

Shi ɗin ne kuwa. Duk bakaniken da ya san aikinsa ya san boris in ya cije haka wuta yake so. A gasa gidan, ƙarfe ya saki, a ƙwanƙwasa. Amma Mailafiya ya ji da kunnensa Alhaji yana faɗa a wurin shayi: "Mu a gidanmu ba a ba wa mai gasa ƙarfe 'ya. Wannan aikin maƙera ne." Shi kuwa ɗan manoman Falanko ne, amma wa zai tsaya tambayar asali in an gan shi da wuta? Ga kuma wata: ranar da boris ya fita, ranar mota za ta tafi da idon nan.

Sai ya yi ta zuba mai, yana shafawa, yana cewa sai ya jiƙa. Da yamma ya zauna a inuwar motar, yana kallon buhun da ta zauna a kai.

Ana haka Sahabi ya iso a kan sabon babur, ɗan yayan Alhaji ne, shi ma Raishatun yake so.

"Kauce, malam! Wannan ɗan zoben ne ya gagare ka?"

Ya zage ya narka wa boris ɗin guduma. Boris ya ƙara lumewa, Sahabi ya koma da yatsa a naɗe. Matan unguwa dai sun sha dariya, ban ce da ni ba.

Daga nan saƙo ya ɗauke. Mailafiya ya rubuta, shiru. Ya ce shi ke nan, babur ya yi aikinsa. Tuwo ma ya daina wuce masa.

Sai ga saƙo da hantsi: "An aiko daga rijiya, dabbobinmu sun fara kwanciya don yunwa. Dusarsu tana wurinka. Na san abin da kake tsoro, ni ma shi nake tsoro. Ka kunna wutar, Baƙin hannu. Ko an kai ni ƙarshen duniya, zuciyata tana garajinka."

Ya karanta, ya share ido da hannun mai, ya aika a kira Alhaji. A gabansa ya kunna wuta, ya bi gidan boris da ita a hankali har mai ya fara hayaƙi. Ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can. Ƙwal! Sai ga shi a ƙasa.

"Baba, tun ranar farko wuta yake so. Ni na ɓoye."

Alhaji ya gyara rawani. "Yaro, motar nan tun ba a haife ka ba nake tare da ita. Ka zaci ban san abin da take so ba? Zuba maka ido na yi, in ga wanda za ka zaɓa, son ranka ko dabbobina."

Aka sa sabon boris, aka mayar da taya, Raishatu ta zo ta hau. Alhaji ya shiga mota, ya tayar. Mailafiya ya tsaya kamar an dasa shi, Raishatu tana can saman buhu ba ta ko iya waiwaye. Sai tsohon ya leƙo.

"Kakana bai ba wa mai gasa ƙarfe 'ya ba. Amma kakana raƙumi yake hawa. Ka turo manyanka bayan ruwa ya sauka."

Da kaka aka ɗaura. A cikin akori-kurar nan aka kawo amarya, ƙafar baya shiru, ko ƙis. Sahabi ne ma ya ja gaba da babur.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, ya sa su riƙe juna yadda boris ɗin nan ya riƙe gidansa, kada kuma a samu mai wutar da zai raba.