Wanda Ya Zauna a Adireshin Mama

Da almuru Auta ta taso daga aiki, ta biya gidan Baba saboda ƙorafin da ya ishe ta da shi a waya. Gyaran kwamfuta ne sana'arta, ga ta da taurin kai, irin mutanen nan da in na'ura ta ƙi aiki sai su ɗauka raini ne. Bayan rasuwar Mama ita ta tattara muryoyinta da bidiyoyinta kaf, ta zuba a wani baƙin akwatin ajiya, ta jona shi da rautar gidan, na'urar da ke raba intanet, don Baba ya riƙa saurare a kwamfutarsa. Idonsa ya yi rauni, muryar nan ce kaɗai ta rage masa. Kuma babu kwafi a ko'ina, laifin da kullum Auta take yi wa kwastomominta faɗa a kansa.

"Wai kwamfutar ba ta ga akwatin ba," in ji Baba. "Ni dai dawo mini da uwarki."

"Yanzun nan, Baba. Ai bai isa ba."

Ta kashe rauta ta kunna. Babu labari. Ta duba na'urorin da ke kan layin gidan, ga wayar Baba, ga kwamfutarsa, akwati kuwa ko ƙyallinsa. Sai ta ƙwanƙwasa adireshinsa kai tsaye, lambar da ita da kanta ta ba shi. Nan take aka amsa.

Ga amsa, babu akwati. Wannan ciwon ta san shi, wani ne ya zauna a adireshin da ba nasa ba. Ta cire kowa daga layin, har wayar Baba, ta sake ƙwanƙwasawa. Aka sake amsawa.

"Lallai ma," ta ce, ta ɗauki tocila.

Akwatin yana ɗakin tarkace a ƙarshen baranda, inda doguwar wayar da ta haɗa shi da rauta ta bi ta silin ta sauka. Tana tura ƙofa warin tsohuwar katifa ya buge ta, da wani ƙauri kamar na gashi a wuta. Akwatin yana kan kanta, fitilarsa a mace, fankarsa tsit. An zare wayar daga bayansa. Amma ba a ƙasa take ba. A miƙe take kamar igiyar shanya, ta shige duhun bayan kabad, wani abu yana riƙe da bakinta.

Auta ta rungumi akwatin. Ƙofa ta rufe kanta a hankali, ƙiii.

"Auta."

Muryar Mama ce sak, har da 'yar dishewar nan ta ƙarshen jinyarta. Hawaye ya cika wa Auta ido. Allah ya sani ta yi kewar kiran nan.

"Don Allah ajiye shi. Saura kaɗan in gama."

Numfashi mai zafi ya taɓa mata ƙeya.

Ta yi a'uziyya. Sai kuma ranta ya ɓaci.

"Uwata tana kabarinta, muryarta ga ta a hannuna," ta faɗa ƙasa-ƙasa. "Kai kuma a su wa? Ɓarawon banza!"

Wayar ta motsa. Ta naɗe mata ƙafa, ta fara ja.

Auta ta zaro filaya daga aljihu, ta damƙi wayar da ita.

Ƙas!

Wani ihu ya tashi, ba na mutum ba. Ta banki ƙofa da kafaɗa ta faɗo baranda, akwatin manne a ƙirjinta, takalmi ɗaya ya rage a ciki.

Daga nan ta jona akwatin a ɗakin Baba da gajeriyar waya, ta ba shi sabon adireshi. Ɗakin tarkace kuwa tun ranar aka garƙame shi, ba wanda ya koma neman takalmi. Da muryar Mama ta cika ɗaki tana ƙyalƙyala dariya, Baba ya lumshe ido.

"Yawwa, wannan ce matata," ya ce. "Waccan kullum sai ta kira ni ta cikin kwamfutar nan, wai don Allah in zo ɗakin tarkace. Ko tari ban yi mata ba. Duk zamanmu da uwarki, yaushe ta taɓa ce mini don Allah?"