Abin da Murja Ta Zuba a Kunu

"Wace ce ita?"

Zubair ya ɗago daga ɗaure takalmi. Safiyar Lahadi ce, ranar komawarsa Kaduna.

"Wa kike nufi?"

"Wadda take gamawa da kai kafin ka iso Jos. Ni ragowa nake samu, Baban Lubna."

"Murja... shekara goma sha tara muna tare, da wannan za ki sallame ni?"

"Da can ba sai na yi magana ba. Yanzu ranar Juma'a sau ɗaya, shi ke nan. Asabar ka rungume rediyo kamar kai za ka sasanta duniya."

Ya ɗauki jakarsa ya fita.

Tun da kasuwar Terminus ta ƙone da shagon yadinsa a ciki, Zubair ya koma tsaron shagon wani a Kaduna. Sau biyu a wata yake zuwa gidansa na unguwar Ali Kazaure a Jos, kwana bibbiyu. Shekarunsa hamsin da huɗu. Babu wata mace a Kaduna. Abin da ke can katifa ce a bayan shago, da maganin ciwon zuciya da likita ya ɗora shi a kai.

Jikinsa ne ya canza. In ya kusanci matarsa yau, sai ya yi kwana biyu kafin jikin ya sake amsawa, a lokacin kuwa yana cikin mota wajen Saminaka. Bayanin nan ba zai ci minti biyu ba. Amma su mutane ne masu tarbiyya, sun haifi 'ya'ya huɗu ba tare da sun taɓa ambaton yadda aka yi ba.

Saboda haka kowa ya kai kukansa waje.

Murja ta tafi unguwar Dilimi wurin Hassana mai kayan mata.

"Ke ma kin yi sake," in ji Hassana, tana ƙulla wani jan gari a leda. "Namiji ba ya tsufa, sai dai ya canza akala. Cokali ɗaya a kunu. Kada ki bari ya sani."

Shi kuma Zubair, a tashar Kaduna, ya jira jama'a suka ragu a gaban mai tallan magani da lasifika, ya sayi ƙwayoyin ƙarin ƙarfin maza. Ya ce na wani abokinsa ne. Mai maganin ya yi wa abokin fatan alheri.

Da ya sake dawowa gida, ranar Asabar da hantsi, yara sun tafi Islamiyya. Murja ta dama kunun gyaɗa, ta zuba cokali ɗaya, ta tuna kwana biyu kawai gare ta, ta ƙara ɗaya. Ba ta san ya riga ya haɗiyi nasa a banɗaki ba.

"Kunun nan ya yi, Murjata," ya ce, ya shanye kofin.

Rabon da ya kira ta haka har ta manta. Tana cikin murmushi ya dafe ƙirji, ya lalubo maganin zuciyarsa ya sa a ƙarƙashin harshe. Ya yunƙura zai miƙe, ya zube tsakanin kujera da tebur.

A asibiti, Dakta Mwadkon ya fito riƙe da takardar ƙwayoyin da aka samu a aljihun Zubair. Alhaji Usumanu, yayan Zubair, yana tsaye kusa da Murja.

"Wannan da maganin zuciya ba sa haɗuwa," in ji likitan. "Jininsa ya faɗi ƙasa sosai. Madam, ban da wannan, akwai wani abu da oga ya sha?"

Alhaji Usumanu ya karɓi takardar, ya ga hoton da ke jikinta, ya yi tsaki. "Da furfurarsa? Uban 'ya'ya huɗu?"

"Madam, ina jin ki."

Murja ta dubi yayan mijinta. Ta dubi ƙasa.

"Babu."

Sai bayan la'asar, da Alhaji ya tafi, Murja ta tare wata nas, Sista Theodora, a baranda, ta kwance bakin gyalenta ta miƙa mata ƙullin.

Theodora ta shinshina, ta dube ta. "Nawa kika ba shi?"

"Cokali biyu."

"Me ya kai ki?"

Murja ta faɗa mata, a gutsure, fuskarta a bango.

"Maman yara, wannan ai ba ciwo ba ne," in ji Theodora. "Shekaru ne. Saurayi minti kaɗan ya dawo. Mai hamsin yakan yi kwana ɗaya, biyu, wani ma fiye. Mijina Sylvanus in ya yi ranar Laraba, sai Lahadi bayan coci. Ba wai ya daina so na ba ne, ni ma na huta."

"Da na faɗa da safe... da ya taimaka?"

"Ban sani ba. Masu garin nan sukan daka irin ƙwayar da ya sha su zuba a ciki. Likita ma ba zai rantse miki ba." Ta wuce da ƙullin da sauri.

Ranar Talata Zubair ya farka. Ɓarin jikinsa na hagu ba ya motsi, bakinsa ya karkace. Murja ta sunkuya don ta ji shi.

"Babu... kowa... a Kaduna."

"Na sani, masoyina. Yi shiru."

"Kunya... na ji. Ni na jawo... Ki yafe."

Da ta yi shiru, da maganar ta mutu a nan. Dangi sun riga sun yanke hukunci, kuma ba a kanta ya faɗa ba.

"Baban Lubna, kunun nan... na zuba maka magani. Na ɗauka ka daina so na."

Ya juyo da idonsa kanta.

"Nawa... aka ce?"

"Ɗaya. Na sa biyu."

Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa. Ta tsorata, har ta miƙe za ta kira nas, sannan ta gane dariya yake yi, hawaye na gangara cikin kunnensa.

"Ni ma... ɗaya aka ce."

Ta kifa kanta a hannunsa mai rai, ta yi kukan da ta riƙe kwana uku.

Zubair bai sake fita aiki ba. Yanzu kullum yana gida. Murja tana juya shi sau shida a rana don kada bayansa ya yi gyambo, kuma babu maganar da ba sa yi.