Kitson Kanal

"Sau nawa za a ɗaga auren nan, Hidaya?!"

Badaruddeen ne a zaurenmu, ƙafarsa duk taɓon shinkafa, daga fadamar Kadawa ya wuto ko gida bai je ba.

"Har sai Inna ta gane ni."

"In ba ta gane ki ba fa? Babana ya rantse, in aka wuce Juma'ar nan a bar maganar gaba ɗaya... Hasken idona, ki dube ni mana!"

Ban dube shi ba. In na kalli idon nan nasa na san lallasa ni zai yi. Ina son Badar kamar raina, amma ta yaya zan bar gidan nan uwata tana ce min "'yan mata"?

Tun da hawan jini ya kayar da Inna ta daina sanin fuska. Inna Saude fa, mai kitson da amaren Kura da Bunkure ke layi a ƙofarta! Ita ta ƙirƙiro kitson kanal: babbar tsaga ɗaya daga goshi zuwa ƙeya, ƙananan suna ɓallewa gefe da gefe yadda ruwan kanal ke shiga gonaki. Ta sha cewa ranar aurena da hannunta za ta yi min, amma a bayan idona take faɗa. Ni 'yar fari ce, tsawon rayuwata ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Daga "ke" sai "waccan".

Ciwon nan sai ya tafi da kunyar. Yanzu kullum sai ta riƙo hannuna.

"'Yan mata, ba ki ga Hidayata ba? Yarinyar kirki, wallahi ina sonta..."

Abin da na yi shekaru ina marmarin ji, ga shi ina ji kullum, kuma kowace kalma yanka ni take.

Na baro Badar a zaure na shigo. Na kasa zama, na kasa tsayuwa. Na ɗauki tsintsiya na ajiye, na ɗauki waya na ajiye. Ƙanwar babana, Gwaggo Indo, tana tankaɗe tana hararata.

"Ke dai kin cika taurin kai. Ki tsefe wannan kalabar ta salun, gobe mai kitso za ta zo."

Don na huce haushina a kan wani abu na fizgi kibiya na hau tsifa. Ban kai rabi ba kuka ya ƙwace min. Na rarrafa inda Inna ke zaune a tabarma, yatsunta suna ta murza gezar mayafinta yadda suka saba, na kifa kaina a cinyarta.

Yatsun suka bar mayafin.

"Wanne za a yi miki, 'yan mata?"

"Duk wanda kika ga dama, Inna."

Ta zare kibiyar daga hannuna. Hannun da ba ya iya riƙe cokali sosai, sai ga shi yana tsifa kamar ba a taɓa ciwo ba. Gwaggo ta ajiye rariya.

Can bayan kunnena na hagu yatsanta ya tsaya. Akwai tabo a wurin, na faɗawar da na yi a bakin kanal ina ƙarama. Gashi bai sake fitowa ba, shi ya sa kullum Inna takan karkatar da tsaga ta kewaye shi.

Ta shafa. Ta sake shafawa.

"Wace marar hankalin ce ta bi da tsaga ta kan tabon nan?"

Na ƙanƙame gefen zaninta.

"A salun ne, Inna... Inna, wace ce ni? Faɗi sunana!"

Sai na ji ƙwas! Ta ƙwala min kibiya a tsakar ka.

"Ke! Sunan wa zan faɗa? Ba ki da kunya? Zauna daidai, kina ta mutsu-mutsu kamar mai tsutsa!"

Gwaggo ta saki salati. Ni kuwa kuka da dariya suka haɗe min. Na so na juyo na rungume ta, Gwaggo ta ɗaga min hannu.

"Kar ki juyo! Ba fuskarki ta sani ba, kanki ta sani."

Na zauna daram, ƙeyata a hannunta.

"Inna... Juma'a za a ɗaura min aure."

"To da wa zai yi miki kitson, in ba ni ba?" Ta ja babbar tsagar daga goshina, muryarta ta yi ƙasa. "Allah ya ba da zaman lafiya. Allah ya sa gidan zamanki ne."

Na laluba wayata ba tare da na motsa kai ba.

"Badar... kana zauren?"

"Ina zan je, masoyiya? Ta kira sunanki?"

"A'a," na ce, hawaye yana ɗiga a zanin Inna. "Ta ƙi faɗa. Ka ce wa Babanka Juma'ar tana nan."